Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Jirgin Sama da Teku?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da na zaɓo a wannan fitowar duk a kan jirgin sama suke, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, kusan abu ɗaya suke tambaya ta fuskoki daban-daban. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne mai burin karatun tuƙin jirgin sama. Na fara duba littattafan fannin, sai na ga kalmomi da yawa na jirgin ruwa ne. Ai tsuntsu ɗan Adam ya kwaikwaya ya tashi sama. Me ya kawo teku cikin wannan lamari?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah Ya cika maka burinka. Ka lura da abin da mutane da dama ke wucewa ba su gani ba, kuma ka fara daga bakinka kafin ka je ga Turanci. Kafin a ƙirƙiro na ƙasa da na sama, jirgi a Hausa na ruwa ne kawai, tuƙi kuwa aikin mai filafili ne a kan kogi. Da sababbin abubuwan hawa suka zo, sai muka ɗauki tsohon sunan muka liƙa musu. Jamusawa na kiran filin jirgin sama Flughafen, ƙarshen kalmar kuwa tashar jiragen ruwa take nufi. Haka abin yake a Turkanci da Faransanci da Turanci. Larabawa sun ce milaha jawwiyya, daga mallah, ma'aikacin jirgin ruwa, kuma rubban ɗin da ke jan ragamar jirgi a tekun Indiya shi ne sunan da suke ba shugaban matuƙan jirgin sama. Harsunan nan ba taro suka yi suka shirya ba. Kowa ya ga abu yana shawagi ba ya taɓa ƙasa, ɗauke da mutane da kaya, sai ya tuna abin da ya sani mai irin wannan hali.

Dalili na farko na tarihi ne. Abin da ya fara ɗaga mutum sama ba shi da fiffike. A shekarar 1783 ne 'yan'uwan nan biyu na gidan Montgolfier a Faransa suka haɗa ƙaton balan-balan mai tashi da iska mai zafi, kuma ranar 21 ga Nuwamba na shekarar mutum biyu suka hau shi suka ratsa saman birnin Paris. Balan-balan ba ya kaɗa komai, yawo yake a cikin iska kamar yadda kwale-kwale ke yawo a kan ruwa, inda iska ta nufa nan ya nufa. Shi ya sa Faransawa suka kira mai hawansa aeronot, daga kalmomin Girkanci biyu, iska da kuma ma'aikacin jirgin ruwa. Kwandon da mutane ke tsayawa a ciki suka ce masa nasel, wato ƙaramin kwale-kwale, kuma har gobe wannan sunan ake kiran rigar ƙarfen da ta lulluɓe injin da ke rataye a ƙarƙashin fiffike. Tun ma kafin nan, a 1670, wani malamin coci ɗan Italiya mai suna Francesco Lana ya zana jirgin sama a takarda, kuma abin da ya zana kwale-kwale ne sak, da sandarsa da ƙyallen kama iska, an ɗaura masa ƙwallaye huɗu na tagulla. Da aka sa wa balan-balan inji da abin juyawa, kamar yadda Henri Giffard ya yi a 1852 da kuma Bajamushen nan Zeppelin a 1900, sunan da Jamusawa da Ingilishi suka ba shi fassararsa ita ce jirgin ruwan iska. Jirgin Zeppelin na farko ma daga wata rumfa mai yawo a kan tafkin Constance ya tashi. Ka ga kenan an yi shekara 120 ana tafiya a sama da harshen teku kafin 'yan'uwa Wright su tashi da jirgi mai fiffike a ranar 17 ga Disamba 1903.

Tsuntsun da ka ambata bai rasa rabonsa ba. Kalmar da Turawa ke kiran harkar jiragen sama gaba ɗaya, abiyeshan, daga sunan tsuntsu take a Latin. Amma wanda ya ƙirƙire ta a 1863, Gabriel de La Landelle, tsohon hafsan sojan ruwan Faransa ne.

Dalili na biyu shi ne wanda na fi so ka riƙe, domin shi zai yi maka amfani a aji. Mai tafiya a ƙasa yana da hanya, yana da gari a gaba, in ya ɓata ya tsaya ya yi tambaya. Mai tafiya a teku ba shi da ko ɗaya, kuma abin da yake tafiya a kai shi ma tafiya yake yi. Igiyar ruwa tana jan jirgi gefe ba tare da matuƙi ya ji ba. Wannan ita ce matsalar matuƙin jirgin sama daidai wa daida, sai dai shi iska ce ke jansa. Mutanen teku sun shafe ɗaruruwan shekaru suna fama da wannan matsala har suka samo mata magani: kamfas, taswira mai layuka, lissafin gudu da lokaci da alƙibla don sanin inda kake, da auna tsayin tauraro daga gaɓar sama. Masu jirgin sama ba su da dalilin sake ƙirƙiro abin da aka riga aka gama, sai suka kwashe shi duka, kayan aikin da sunayensu, har da mutanen. Gago Coutinho, wanda ya gyara na'urar auna taurari ta yadda za ta yi aiki a sama, ya kuma yi amfani da ita ya tsallaka kudancin tekun Atlantika daga Lisbon zuwa Rio a 1922, hafsan sojan ruwan Fotugal ne. Fred Noonan, mai lissafin hanyar da ya ɓace tare da matuƙiyar nan ta Amurka Amelia Earhart a 1937, ya daɗe yana aiki a jiragen ruwan 'yan kasuwa kafin ya koma sama. Har zamanin Boeing 707 akwai 'yar kafa a rufin ɗakin matuƙa inda ake zura na'ura a leƙa taurari. Taurarin da suke nema kuwa, irin su Aldebaran da Altair da Deneb, sunayensu na Larabci ne, gadon masanan da irin su Ahmad ibn Majid, gwanin tekun Indiya na ƙarni na 15, suka sha daga gare su.

Dalili na uku: jiragen fasinja masu dogon zango na farko a kan ruwa suke sauka. A lokacin babu dogayen titunan jirgi masu ɗaukar nauyi, ruwa kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe da ba a kashe ko kwabo an gina ba, kuma manyan biranen kasuwanci a bakinsa suke. Zirga-zirgar fasinja ta farko mai jadawali da jirgi mai fiffike, wadda aka fara ranar 1 ga Janairu 1914 tsakanin St. Petersburg da Tampa a Amurka, da irin wannan jirgi aka yi ta. A shekarun 1930 jiragen Imperial Airways na Ingila suna tashi daga Southampton su sauka a kogin Nilu da tafkin Victoria har su kai Durban. Irin wannan jirgi yana da anka, ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa ya riƙe jirgi wuri ɗaya, yana da igiyar ɗauri, cikinsa na kwale-kwale ne, kuma dole matuƙinsa ya iya karanta ruwa kamar yadda ya iya karanta gajimare. Yaƙin duniya na biyu ne ya kashe kasuwarsu, domin an shimfiɗa titunan kankare ko'ina saboda jiragen yaƙi. Jiragen sun tafi, kalmominsu suka zauna. In ka shiga ajin ƙirar jirgi za ka tarar injiniyoyi suna auna tsayin sassan jirgin sama daga wani layi da suke kira layin ruwa, a jikin jirgin da ba zai taɓa shiga ruwa ba sai in ƙaddara ta faɗa masa.

TAMBAYA: Malam, a allon da ke gaban kujera na ga an rubuta gudun jirgi da kilomita, amma wani ya ce min su matuƙa da wani abu wai shi not suke aunawa. Mene ne shi, kuma me ya hana su bin kilomita kamar kowa?

AMSA: Gaskiya ya faɗa maka. Not a Turanci ƙulli ne, ƙullin igiya, kuma da gaske igiya ce asalinsa. Ga yadda ake yi a jiragen ruwa na da. Ana samun ɗan katako mai siffar yankin da'ira, a sa masa darma a gindi don ya tsaya a tsaye cikin ruwa, a ɗaura shi da doguwar igiya da aka naɗe a jikin wani gungume mai juyawa. A jikin igiyar an yi ƙulli a kowace ƙafa 47 da inci 3. Mutum ɗaya ya ɗaga gungumen sama da hannu biyu, na biyu ya riƙe 'yar kwalbar yashi mai ƙarewa cikin sakan 28, na uku ya jefa katakon ta bayan jirgi. Katakon ya tsaya inda ya faɗa, jirgi ya ci gaba, igiya tana zarewa tana bi ta tsakanin yatsun mai jifa, yana ƙirga ƙullin da ke wucewa. Da yashi ya ƙare sai mai kwalba ya yi tsawa, a damƙe igiya. In ƙulli takwas ne suka wuce, jirgi na gudun not takwas. An zaɓi tazarar ƙullin da tsawon lokacin ne ta yadda ƙulli ɗaya zai yi daidai da mil ɗaya na teku a awa guda. Wani Bature ɗan Ingila, William Bourne, ya bayyana wannan dabara a rubuce tun 1574. Katakon nan ana ce masa log, littafin da ake rubuta sakamakon a ciki kuwa littafin log, kuma sunan da kowane matuƙin jirgin sama ke kiran littafin da yake rubuta awoyin tashinsa kenan har yau.

Abin da ya hana su komawa kilomita shi ne mil na teku daga jikin duniya aka yanko shi. An raba kewayen duniya digiri 360, kowane digiri kashi 60. Kashi ɗaya daga ciki, in ka nufi arewa ko kudu, shi ne mil ɗaya na teku. Wato kewayen duniya mil 21,600 ne, kimanin kilomita 40,000. Mai taswira a gabansa ba ya buƙatar wani lissafi: ya tafi digiri ɗaya arewa, ya ci mil 60. An tsayar da tsawonsa a kan mita 1,852 a wani taro da aka yi a Monaco a 1929. Jirgin fasinja na zamani yana tafiya a kan not 480 ko kusa da haka, kimanin kilomita 890 a awa. In iska mai not 100 ta tare shi ta gaba, abin da yake ci a ƙasa ya koma 380, ko da yake injinsa bai rage komai ba. Wannan shi ne lissafin da mai kwale-kwale ke yi in yana hawan kogi.

Akwai kuma tsoron sauyi, kuma ni ina ganin tsoro ne mai hujja. A watan Yuli 1983 wani Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai a tsayin ƙafa 41,000, saboda an yi lissafin man da laba a maimakon kilo a daidai lokacin da ƙasar ke sauya ma'auni. Allah Ya sa matuƙan suka sauke shi ba inji a wani tsohon filin soja a Gimli, ba wanda ya rasu. Wanda ya san wannan labari ba zai yi gaggawar cewa a canja wa dubban matuƙa ma'aunin da suka saba da shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

TAMBAYA: Malam, ni dattijuwa ce, na lura duk jirgin da na hau ta hagu ake shigar da mu. Kuma wata rana da dare na ga jar fitila a bakin fiffike, a dawowa da na zauna ɗaya gefen sai na ga koriya. Na tsorata da jar, na ɗauka alamar matsala ce.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, lafiya lau jirginki yake. Idonki kuwa ya ga abin da ya girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Jiragen ruwan mutanen arewacin Turai na da ba su da abin juyawa a tsakiyar baya. Wani babban filafili ake ɗaurawa a gefen dama, domin yawancin mutane da dama suke aiki, da shi ake karkata jirgi. Sai aka kira gefen dama gefen tuƙi, wanda a Turanci ya zama sitabod. In an zo tasha ba a jingina wannan gefen da gaɓa, kada filafilin ya karye, sai a jingina hagu, ta nan mutane da kaya ke shiga. Tsohon sunan gefen hagu labod ne, gefen lodi. To a tsakiyar guguwa, in shugaba ya yi ihu, wa zai bambance labod da sitabod? Saboda haka a 1844 rundunar ruwan Ingila ta ba da umarni a daina faɗin labod a riƙa cewa fot, wato gefen tasha, Amurka ta bi sahu a 1846. Jirgin sama ya gaji sunayen biyu, ya gaji al'adar shiga ta hagu, kuma al'adar ta yi masa rana: yayin da kuke shiga ta hagu, masu lodin akwatuna da sauran ma'aikata da motocinsu suna ta dama, ba mai gitta wa wani.

Fitilun kuma, tun 1848 Ingila ta wajabta wa jiragen ruwa masu tururi ja a hagu, koriya a dama. A jirgin sama an ƙara fara a wutsiya, kamar yadda jirgin ruwa ke da ita a baya. Ki kwatanta matuƙi cikin duhu ya hango ɗigon haske. In fara kaɗai ya gani, bayan wani jirgi yake bi. In ja kaɗai ya gani, gefen hagun wancan yake kallo. In kuwa ya ga biyun tare, ja ta damansa koriya ta hagunsa, to jirgi ne ke tunkaro shi gaba da gaba, kuma doka ta ce kowannensu ya karkata dama. Dokar nan ɗaya ce a ruwa da sama. Ita ma dokar cewa in hanyoyi biyu za su haɗu a ba wanda ke dama hanya, daga teku ta zo, kuma fitilar ta dace da ita, domin wanda ya kamata ya kauce shi ne yake ganin ja.

TAMBAYA: Wai da gaske ne sunan ɗakin matuƙa, kokfit, yana nufin ramin zakaru?

AMSA: Da gaske ne. A Ingila ta ƙarni na 16 rami ne da ake haɗa zakaru faɗa. Daga baya sojojin ruwa suka laƙaba sunan ga wani matsattsen ɗaki a can ƙasan jirgin yaƙi, inda ƙananan hafsoshi ke kwana, inda kuma likita ke karɓar masu rauni in ana gwabzawa. A irin wannan ɗaki na jirgin Victory ne Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya cika a yaƙin Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba 1805. Ƙananan jiragen ruwa kuma suna da wani lotsattsen wuri a baya inda mai tuƙi ke zama, shi ma haka ake kiransa, kuma ramin da matuƙin jirgin sama na farko ke zama a ciki, kansa a waje iska na dukansa, da shi ya yi kama. A manyan jirage yanzu an fi cewa benen tuƙi, benen ma na jirgin ruwa ne.

TAMBAYA: Malam, me ya sa matuƙin jirgin fasinja yake sa kaya kamar sojan ruwa, ake ce masa kyaftin, alhali ba soja ba ne? Kuma da gaske yana da ikon sa a ɗaure fasinja?

AMSA: Kalmar failot kanta, wato matuƙi a Turanci, ta ruwa ce. Asalinta daga sunan filafilin tuƙi ne a Girkanci, ta bi ta Italiyanci da Faransanci, kuma har yau akwai failot a kowace babbar tashar ruwa, mutumin da ya san mashigar kamar tafin hannunsa, wanda ke hawa baƙon jirgi ya shigo da shi. Kayan kuwa, kamfanin Pan American na Juan Trippe ne ya yaɗa su a shekarun 1930. Kafin nan matuƙa rigar fata suke sawa da tabarau irin na mayaƙan sama, shigar da ba ta kwantar wa fasinja hankali. Masu kuɗin da za su iya sayen tikiti a lokacin sun saba da manyan jiragen ruwa, sun yarda da kyaftin mai baƙar kwat da farar hula. Sai kamfanin ya ba su abin da suka sani. Ya sa wa jiragensa suna Clipper, sunan jiragen ruwa masu gudu na ƙarni na 19, ya ɗinka wa matuƙa kayan hafsoshin ruwa. China Clipper ne ya buɗe hanyar wasiƙu ta tekun Pasifik a watan Nuwamba 1935, daga San Francisco zuwa Manila, yana yada zango a Honolulu da Midway da Wake da Guam. Sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Igiya huɗu a hannun riga ta kyaftin ce, kamar yadda take a rundunar ruwa, uku ta mataimakinsa. Ma'aikatan cikin jirgi ma haka: shugabansu ana ce masa fasa, wanda a jirgin ruwa shi ne mai riƙe jakar kuɗi, kuma ɗan lungun da suke shirya abin da za su raba sunan madafar jirgin ruwa gare shi.

Batun iko kuwa gaskiya ne. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba shugaban jirgi damar tsare duk wanda ke barazana ga lafiyar jirgi ko tsarinsa, ya sauke shi, ya miƙa shi ga hukuma. Hikimar ta teku ce: inda babu alƙali babu ɗan sanda, kuma babu wurin tsayawa, dole a sami mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe.

Sai dai wannan gadon ya zo da cutarsa, kuma ba zan ɓoye ba. An gaji kyaftin wanda ba a yi masa musu. A jirgin ruwa in shugaba ya yi kuskure sau da yawa akwai awa ko yini na gyara, a sama kuwa sakanni ne. Ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife, cikin hazo mai kauri, kyaftin ɗin wani Boeing 747 na KLM, babban malamin matuƙa a kamfaninsa, ya fara gudun tashi ba a ba shi izini ba, alhali wani 747 na Pan Am yana kan titin. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko wancan jirgin ya fita, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita, ba wanda ya sake magana. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne aka shigo da horon da ke koya wa mataimaki ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani, ya kuma koya wa kyaftin ya saurara. United Airlines ce ta fara shi sosai a 1981. An kuma gyara harshen rediyo: kalmar tashi ba a furta ta sai a lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, kafin nan wata kalma daban ake amfani da ita. A ganina wannan gyara ya fi sababbin injuna da yawa ceton rai, kuma yanzu ana koyar da irin wannan horo ga ma'aikatan jiragen ruwa.

TAMBAYA: To Malam, shi teku bai ari komai daga sama ba?

AMSA: Ya ara, kuma babbar kalma ce. Kiran neman agaji na teku SOS ne, wanda aka amince da shi a taron Berlin na 1906, amma an tsara shi ne don tangarahu mai ɗigo da ja. Da aka fara magana da baki ta rediyo sai aka ga harafin S yana ɓacewa cikin ƙarar na'ura. A farkon shekarun 1920 aka nemi Frederick Mockford, babban jami'in rediyo a filin jirgin sama na Croydon kusa da Landan, ya samo kalmar da kowa zai gane. Yawancin jiragen filin tsakanin Croydon da Le Bourget na Paris suke kai da komo, don haka ya ɗauko lafazin Faransanci mai nufin a taimake ni, ya rubuta shi yadda Baturen Ingila zai iya faɗa, ya zama mede. Taron rediyo na duniya da aka yi a Washington a 1927 ya karɓe shi, ya zama na jiragen sama da na ruwa baki ɗaya. Sau uku ake faɗinsa a jere don kada a rikita shi da wata magana, kuma da an ji shi kowa ke yin shiru a tashar. In matsalar ba ta kai ta halaka ba, kamar inji ɗaya ya tsaya ko wani ya kamu da ciwo mai tsanani, sai a ce pan-pan, shi ma sau uku, daga kalmar Faransanci ta lalacewar inji.

Faransawa ne kan gaba a ƙirar jirage kafin yaƙin duniya na farko, shi ya sa sassan da jirgin ruwa ba shi da irinsu yawanci sunayensu na Faransanci ne. Gangar jikin jirgi, fuselaj, daga siffar mazari aka samo ta. Ɗan ɓallen da ke motsi a ƙarshen fiffike, eleron, ƙaramin fiffike yake nufi. Wutsiya gaba ɗayanta an ba ta sunan gashin da ake sa wa kibiya, rumfar ajiye jirage kuwa, hanga, rumfar manoma ce da ake ajiye amalanke a ciki.